Takardar Zaman Matar Mati

Wai an yi wani mai faci, Mati, da ya auro Falmata daga Chadi. Ya nema mata takardar zama a ofishin shige da fice, suka yi ta ce masa ya dawo gobe, har ɗansu ya fara tafiya. Ya gaji ya kai ƙara.

A kotu shugaban ofishin ya ce, "Wasu don takarda suke aure. Ya kawo hujjar cewa in ta samu ba za ta gudu ba."

Alƙali ya ce, "Mati, ina hujjarka?"

Mati ya shafa kai. "Allah gafarta Malam, dube ni da kyau. Ga sanƙo, ga giɓi, ga ɗakin haya mai yoyo. Ni kaina tambayar da ke damuna ke nan. Amma hujjar tana hannun yallaɓai shugaban ofis. Ya ba ta takardar. In ta gudu ya yi gaskiya, in ta zauna aure ya tabbata. Muddin yana riƙe da ita, ba mai sani."

Alƙali ya ce a bayar cikin makon nan.

Falmata ta ɗaga murya daga can baya, "A hanzarta, yallaɓai. Ni ma so nake in gani."