Gizo da Katantanwar Bakin Teku

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, sunanta Iya Tabawa, a wani ƙauyen masunta a bakin teku. Kullum idan ruwa ya janye, sai ta bi yashi da ƙwaryarta tana tsintar katantanwa da duwatsu masu santsi da guntayen icen da ruwa ya goge. Da su take yi wa bangon ɗakinta ado, tana danna su cikin ɗanyen yaɓe. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya kallo.

Ana nan sai Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ya gina sabon zaure, ya ce yana neman mai yi masa ado. Gizo ya ji, ya ruga wajen tsohuwa. Kun dai san shi da tsamin baki.

"Shannu, Iya. Koya mini aikin nan."

Ta ce, "Ba wuya, ɗana. Amma duk katantanwar da ka ɗauka, ka yi mata sallama. In an amsa, gidan wani ne, mayar da ita."

Gizo ya sauka bakin teku. Ya ga waɗanda ba kowa ciki duk sun koɗe, masu rai kuwa sai sheƙi suke yi.

Ya ɗauki ta farko, ya yi sallama. Dodon koɗi ya ce, "Ina ciki." Gizo ya ce, "Ishka ce," ya jefa a jaka.

Ya ɗauki ta biyu. 'Yar ƙaguwa ta leƙo ta ce, "Malam, ni nake zaune a nan." Gizo ya ce, "Ƙarar ruwa ce," ya jefa a jaka.

Ya ɗauki ta uku. Kawa, 'yar halittar ruwa mai zama cikin ɓawo biyu, ta ce, "Ni ba ni da ƙafar gudu, ka tausaya mini." Gizo ko sallamar bai ƙarasa ba. Haka ya yi ta yi har jaka ta cika.

Ya kwaɓa laka, ya yaɓe bangon zauren Sarkin Ruwa, ya jera su a siffar ƙaton kifi. Gaskiya aikin ya yi kyau, don Gizo yana da hannu.

Washegari Sarkin Ruwa ya tara jama'a su gani. Suna zuwa sai ga idon kifi yana gangarowa daga bango, jelarsa kuma ta watse, ƙaguwoyi sun nufi teku a guje. Mutane suka fashe da dariya.

Iya Tabawa ba ta yi dariya ba. Ta kara kunnenta a bango, ta ji muryar kawa ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ruwa, ruwa." Laka ta bushe ta riƙe waɗanda ba su iya gudu ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ko dai bango ko rayukan nan."

Sarkin Ruwa ya dubi sabon bangonsa. Can ya ce, "A kawo ruwa."

Aka jiƙa yaɓen, aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da su teku. Wasu sun farfaɗo, wasu ba su kai ba.

Tsohuwa ta juya wajen Gizo. "Ka ji su, ko ba ka ji ba?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji."

Kunya ta kama shi, ya haye can saman azara. Tun daga ranar bai sake taɓa kayan kowa don ado ba. Daga cikinsa yake zaro zare yana saƙarsa shi kaɗai.

To, jikokina, abin da ruwa ya gama da shi ya ajiye, shi ake tsinta. Duk kyan ado, bai kai a raba wani da gidansa ba.

Ƙungurus kan kusu, nan ta tsaya. A tashi a kwanta.