Jatan Landen Kaki

Ƙanena Noboru mutumin kirki ne, amma yana da wata cuta guda: ba ya tambaya. Tun muna yara haka yake. Ko hanya ya ɓata, gara ya yini yana zagaye da ya tsayar da wani. A Tokyo aka haife mu, shi ya zauna can, ni kuwa aure ya kawo ni Osaka tun ina da ƙuruciya, har harshena ya juye ya koma na mutanen nan. Shi dai a ganinsa maganar Osaka maganar Tokyo ce da aka lanƙwasa mata wuya, babu abin koyo a ciki.

Lokacin hutun makaranta ya kawo mini 'yarsa Chisato, mai shekara bakwai, su yini su koma da jirgin ƙasa na yamma. Matarsa Kayoko tana kwance a asibiti da tsohon ciki, likita ya hana ta tashi, ya kuma hana ta duk wani abin suya. Ita kuwa a duniya babu abin da take so kamar soyayyen jatan lande.

Chisato ba ta gado ubanta ba. Bakinta ba ya hutawa da tambaya. Muna fitowa daga tasha ta fara.

"Gwaggo, me ya sa mutanen nan suke tsayawa a dama a kan matakala mai tafiya da kanta? Mu a hagu muke tsayawa."

Kafin in buɗe baki uban ya amsa. "Saboda bahagwai sun yi musu yawa."

Na ce, "Kai Noboru, ji tsoron ƙarya! A ina ka karanta wannan?"

"Yaya, kowa ya san haka."

Muka bi ta layin masu sayar da kayan girki, inda ake yin abincin ado, irin wanda gidajen abinci ke jerawa a taga don mai wucewa ya ga abin da ake dafawa. Akwai shagon da ke koya wa yara yinsa da kaki irin na kyandir, kuma tun mako guda na kama mata wuri. Chisato ta manna hanci a gilashi.

"Wannan taliyar ba ta tsami? Ƙuda ba ya ruɗuwa ya sauka? In mutum ya ciza fa?"

Mai koyarwar ya yi dariya, ya ɗaura mata ƙyallen aiki, ya tsayar da ita gaban kwanon ruwan ɗumi. Ya nuna mata yadda ake ɗaga ludayi sama a tsiyayo narkakken kaki, ya bazu a kan ruwan ya yi ƙuraje-ƙuraje, sai a ɗora jatan landen da aka riga aka yi da kaki a naɗe shi da sauri kafin ya daskare. Na farko ya dunƙule. Na biyu ya yage. Ta ciji leɓe ta sake. Da na uku ya fito daga ruwan sanyi, wallahi sai da yawuna ya tsinke. Rawaya, da jar wutsiya, kai ka ce yanzu aka tsamo shi daga mai.

Nan take ta karɓi wayar uban ta kira asibiti. "Mama, zan kawo miki abin da kike so, kuma likita ba zai iya hana ki ba! A'a, ba zan faɗa ba. Ki gyara masa wuri kusa da gadonki."

Aka saka mata shi a ɗan farantin roba, ta rungume shi kamar jariri.

Da azahar muka shiga wani ɗan gidan abinci na wata tsohuwa. Muka ci soyayyen jatan lande har muka bar saura. Chisato ta fito da jatan landenta ta ajiye a kan farantin uban daga gefe, tana gwada shi da na gaske, tana neman bambanci. Daga nan babban lilon nan mai juyawa za mu hau, wanda ake hango gari duka daga samansa. Layin tikitinsa ba ya ƙarewa, sai na ce bari in riga su in kama mana layi, su same ni. Abin da ya faru bayan fitata, daga bakin Chisato na ji shi.

Noboru ya ce mata kakin zai iya karyewa a cunkoso, gara a bar shi a nan su dawo su ɗauka. Suna cikin haka tsohuwar ta zo kwashe kwanuka. Ta nuna farantin da ragowar abinci da jatan landen a kai, ta ce, "Yallaɓai, wannan fa, in hokasu?"

Chisato ta ja hannun rigarsa. "Baba, mene ne hokasu?"

A maganar Tokyo akwai kalmar hokan, wato ajiya. Kunnensa ya ji kama, shi ke nan ya yanke hukunci. "Ajiyewa take nufi. Kin ga mutanen kirki, tun ban roƙa ba."

"Bari in tambaye ta."

"Ke, ba a damun manya da tambaya. Na ce miki na sani." Ya juya ga tsohuwar, har da kwaikwayon muryar Osaka. "Yauwa Baba, a hokasu mana shi. Mun gode ƙwarai."

Suka same ni a layi. Na ga hannun yarinya wayam, na ce ina jatan lande.

Noboru ya ce, "Mun ba tsohuwar ta hokasu mana."

Na ce, "Ta yi me?"

"Ta ajiye mana, Yaya. Ke da kike 'yar gari sai na fassara miki?"

"Kai, ka kashe mu! Hokasu zubarwa ne! A shara!"

Ban taɓa ganin Noboru yana gudu ba sai ranar. Muka isa muna haki. Tsohuwar ta dafe ƙirji, ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri, ita da ba ta da laifin komai. Ta ce ta ɗauka ragowa ce, kuma ai sai da ta tambaya. Ta kai mu bayan kicin ta buɗe bokitin. Ashe tun bayan da ta zubar da shi, ta kwashe ƙanzon suya mai zafi daga kasko ta juye a kai. Noboru ya naɗe hannun riga ya tona. Kakin ya narke ya cakuɗe da mai da ɓawon kabeji. Jar wutsiyar kaɗai ya ciro.

Muka koma shagon kakin da sauri. Sun gama da yaran ranar, sun zubar da ruwa, sun kashe wuta. Noboru ya ce zai sayi wanda ƙwararru suka yi, mafi kyau a taga.

Chisato ta girgiza kai. "Wannan ba ni na yi ba."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ta wanke wutsiyar a famfo, ta naɗe ta a hankicinta. Lilon ma ta ce ta fasa. Har muka isa tasha babu tambaya ko ɗaya daga bakinta. Da jirgi ya tsaya, Noboru ya durƙusa a gabanta yana neman abin faɗa. Ita ta riga shi.

"Na ce wa Mama ta gyara wuri. Da ka bar ni na tambaye ta, Baba."

Darasin a fili yake. Matambayi ba ya ɓata, kuma kalmar da ta yi kama da wadda ka sani ba lallai ita ce ba, ko da a ƙasarku ne. Wanda ya je garin wasu ya sauke girman kai ya tambaya. In kuma yaro ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, kada ka ƙirƙiro masa amsa, kada ka toshe masa baki. Kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma ɓarnar mai cewa ya san komai sau da yawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba take sauka.