Hayaƙin Tudun Kakanni

An yi wani sarki a wata ƙasa ta gabas, wadda sunanta ya kuɓuce mini, ko da yake na taɓa shan ruwan rijiyoyinta. A bayan fadarsa akwai wani tsohon juji da ya yi tsayi har ciyawa ta lulluɓe shi. Sarki ya gina rumfar shan iska a kansa, ya raɗa masa suna Tudun Kakanni, ya kuma rantse duk wanda ya sake kiransa juji za a yanke masa harshe. Da aka yanke na mutum biyu, sai gari ya yi tsit.

Wata shekara da rani tudun ya fara fitar da hayaƙi mai ɗoyi. Fadawa suka ce sihiri ne, suka kamo Tabawa, wata tsohuwa mai ginin tukwane da ke zaune a gindinsa. Sarki ya kai Alƙali Junaidu wurin, ya ce, "Malam, ka bayyana mana dalilin hayaƙin nan, in kuwa ba ka da wani, ka yanke mata hukuncin kisa."

Alƙali ya san dalilin, kamar yadda kowa ya sani. Ya dubi hauni, mai zartar da hukunci, yana wasa wuƙa.

Tabawa ta ce a hankali, "Allah gafarta Malam, ni wutar gasa tukunya kaɗai na sani."

Alƙali ya karɓi fartanya, ya sara ƙasar tudun. Sai ga fasassun tukwane da ƙasusuwa da tsummoki, duk suna cin wuta.

Sarki ya ce, "Mene ne wannan a tudun kakannina?"

Alƙali ya ce, "Allah ya ba ka nasara, juji ne. Masu dafa abincin fada suna zuba toka mai garwashi a bayansa, yadda iyayensu suka saba, shi ne tsohuwar shara ta kama da wuta. Ga harshena, amma a saki matar nan."

Hauni ya matso, alƙali ya rufe ido. Sarki ya daɗe tsaye, zafin ƙasa yana ratsa takalminsa, sannan ya ce, "Mayar da wuƙarka, a kawo ruwa a kashe wutar."

Ya saki Tabawa, ya biya mutanen nan biyu da ya yanke wa harshe diyya, ya yafa wa alƙali alkyabbarsa. Sarkin da ya hana a kira abu da sunansa, wata rana marar laifi zai kashe a madadin sunan.