Diyyar Hannun Marwanu

An ruwaito a littattafan mutanen farko cewa wata rana Sarki Nu'umanu ya fusata a fada, ya kai wa attajiri Marwanu duka da sanda har ya karya masa hannu. Da zuciya ta huce, ya aiki Waziri Hashimu da dukiya, attajiri ya mayar. Aka ƙara, ya sake mayarwa. Sarki ya ce, "Ko ka sa ya karɓa, ko ka ajiye rawanin wazirci."

Waziri tsoho ne, ya gaji da sintiri, ya kuma gaji da gyara ɓarnar da ba shi ya yi ba. Ya ja ƙafa zuwa gidan Eliyazar, alƙalin Yahudawan birnin, ya kwashe labari ya gaya masa.

Eliyazar ya ce, "Ranka ya daɗe, a shari'armu wanda ya raunata mutum abu biyar yake biya: naƙasa, da zafin ciwo, da magani, da zaman rashin aiki, da kunya. Amma ji abin da na gani a gaban malamina. Wani falke ya ture marini, ya karya masa ƙafa. Ya biya duka biyar ta hannun bawansa, ya zo yana cika baki wai ya fita hakki. Malamina ya ce, 'Ranar da aka ture shi, bawa ka aika?' Falke ya ce a'a. Malamina ya ce, 'To, da sauranka, sai ka je da ƙafarka ka roƙe shi gafara. Shi kuma in ya ƙi yafewa, shi ne mai ƙeƙasasshiyar zuciya.'"

Waziri ya yi ajiyar zuciya, don ya san kai wa sarki wannan magana ya fi sintirin wuya. Duk da haka ya je, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗa.

Sarki ya haɗe gira, ya ce, "Dukiyar da na aika ba ta isa ba?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, dukiyar ta baitulmali ce. Sandar ce taka."

Sai sarki ya miƙe, ya taka da ƙafa ba dogari har ƙofar Marwanu, ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Marwanu ya dube shi da hannu a ɗaure, hawaye na zuba, ya ce, "Na yafe." Sa'an nan ya karɓi diyyar.

Sarki ya tabbatar wa Hashimu rawaninsa. Shi ya sa masu hikima suka ce ana aiken bawa da diyya, amma ba a aikensa da nadama.