Maame Konadu, Wadda Ta Biya Jana'izarta Tana Raye

Akwai wata dattijuwa a wani ƙauye kusa da Tepa, a ƙasar Asante, ana ce mata Maame Konadu. Na san ta sosai, don na shekara goma sha ɗaya ina sayen goro a layinsu. Kafiya gare ta ta ban mamaki. In ta sa abu a gaba, gara ka matsa mata hanya kawai.

Duk abin da ta mallaka gonar koko ce guda ɗaya, kuma da ita 'yarta Pokuaa take ciyar da 'ya'ya uku.

Mutuwar yayarta ce ta tayar mata da hankali. Wata takwas gawar tana kwance a firjin asibiti. Dangi suka ce ba za a binne ta ba sai an sake rufin gidan gado, an yi fenti, an buga anko mai hotonta, an ɗauko makaɗa daga Kumasi. Aka yi shagali na kwana uku, kowa ya yaba. Kafin a gama kwashe kujeru an sayar da gonar marigayiya. Yanzu 'ya'yanta dako suke yi a kasuwa.

Ranar da taro ya watse, Maame Konadu ta ce wa 'yarta, "Ni kam ba za a cinye gonarki a kan gawata ba."

Daga nan, duk kakar koko sai ta biya abu ɗaya. Bana akwatin gawa a wurin kafinta, baɗi rumfuna da kujeru. Gidan gadon ma ita ta sa aka shafe shi da fenti, don kada wani ya samu hujjar jinkiri.

Matan kasuwa suka samu abin tsokana. Ƙawarta Afrakoma ta ce, "Konadu, an sa ranar ne? Ki faɗa mana mu wanke baƙin zane."

Ta ce, "Wanke abinki. Amma yadda kike haki a hawan nan, ina jin ni zan riga ɗaura nawa."

Sai dai akwai inda ƙoƙarinta bai kai ba. A al'adar Asante gawa ta dangin uwa ce, 'ya'ya ba su da ta cewa. Shugaban dangi kuwa wanta ne, Opanin Agyekum, mutum mai son a ce ya isa. Muddin bai karɓi kwalbar giya daga hannunta a gaban shaidu ba, duk shirinta zai iya rushe shi da kalma ɗaya.

Ta tara dattawa, ta ajiye kwalba a gabansa. "Yaya, in na mutu kada in wuce mako uku a firji. Komai na biya. Kada a taɓa gonar yarinyar nan."

Ko kallon kwalbar bai yi ba. "Mako uku? Kaza ce ta mutu? So kike garin nan ya ce gidanmu ya talauce? Ɗauke abinki. Matacce ba ya tsara wa rayayyu."

Ta ɗauke. Shekara ta zagayo ta sake kawowa, ya sake ƙi. Ta uku ma haka. Wallahi ni da ke gefe har haushi ya ishe ni, ita kuwa ko a fuska.

Ana nan sai matar Agyekum ta rasu. Danginta suka zo da nasu shugaban, suka karanto wa mijin abin da zai kawo. Ya roƙi a sassauta, aka ce masa 'yarsu ba kaza ba ce. Wata biyar gawa na firji, kuɗin asibiti na hawa kullum. Dattijo ya rame, har ya fara neman wanda zai karɓi gonarsa jingina.

Da labari ya iso wa Maame Konadu, ta aika wa kafinta ya kai akwatinta gidan wanta. Ta ce wa mai rumfa da kujeru ya mayar da nata a kan wannan jana'iza.

Pokuaa ta fashe da kuka. "Mama, shekara huɗu kina tarawa. Mutumin da ya wulaƙanta ki a gaban jama'a?"

"Kawunki ne. Gonar da nake tsare miki, irinta ce za ta fita daga hannun jikokinsa. Koko bai daina 'ya'ya ba, zan sake."

Ta kuma sake ɗin. Tana da shekara saba'in da huɗu ta koma wurin kafinta, aka fara daga farko.

Bayan an yi kwana arba'in da binne matarsa, Agyekum da kansa ya kira dangi. Ya ce, "Konadu, ina kwalbar nan?" Ta miƙa masa. Ya zuba wa kakanni nasu a ƙasa, ya kurɓa, ya zagaya da ita ga dattawa. Hawaye yake yi.

Shekara uku bayan haka Maame Konadu ta cika. A taron sa rana, wani ɗan dangi da ya dawo daga Turai ya miƙe ya ce a jira Disamba, a yi abin da za a daɗe ana labari, gona ai tana nan.

Agyekum ya dogara sandarsa ya tashi. "Na sha a gaban mutane. Wanda ke son biki ya sayar da tasa gonar."

Kwana goma sha tara aka binne ta. Da na koma bara, Pokuaa na tarar tana shanya koko a ƙofar gida, babbar 'yarta kuma ta shiga makarantar koyon jinya.

Darasi: Duk wanda ya san zai tafi, ya shirya tafiyarsa tun yana da ƙarfi, ya kuma faɗa wa masu iko da maganar a gaban shaidu. Girmama mamaci ba shi ne a bar 'ya'yansa da yunwa ba. Kuma alherin da ka yi wa wanda ya ƙi ka, wata rana shi zai tsaya maka a inda ba ka da bakin magana. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman manyan gida, su karanta.