Kukun da Ya Ƙi Sa Hannu

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Tanimu. Babban kuku ne a wani otal. Ba malami ba ne, ba mai kuɗi ba ne, girki kawai ya iya. Ku na baya, don Allah ku bar hirar nan ku saurara.

Wata rana makarantar koyon girki ta turo musu ɗaliba, Lantana, ta yi wata shida na sanin makamar aiki. Ba albashi, ba ko kuɗin mota. Buƙatarta ɗaya, a sa mata hannu a littafin horo, don in babu shi ba ta samun takardar kammalawa. To Lantana zabiya ce, mai farar fatar nan da ba ta jure rana.

Tanimu ya ɗanɗana miyarta, ya san an samu mai hannu. Sai manaja ya leƙo kicin ya gan ta.

"Wannan fa?" in ji manaja. "Baƙi su ji ita ke taɓa musu abinci? A kai ta tsakar gida, ta riƙa fere doya."

Tsakar gida, jama'a! Zabiya, cikin rana! Kwana uku wuyanta ya yi ja, ya yi bororo.

Tanimu ya kasa haƙuri, ya kai ƙara gaban kwamitin koke-koke na otal ɗin. Shugaban kwamiti ya buɗe littafin doka ya ce, "Tana karɓar albashi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To ba ma'aikaciya ba ce. Dokar hana wariya ta ma'aikata ce."

Tanimu ya ce, "Amma aikin tana yinsa. Rana ma ba ta tambaye ta albashi ba kafin ta ƙone ta."

Aka rufe littafi. Kun ji fa! Ta yi aiki kyauta, kyautar kuma ta zama hujjar zaluntarta. Wane irin lissafi ne wannan?

Manaja bai tsaya nan ba. Ya rubuto takarda cewa yarinyar ƙazama ce, malalaciya, ya ce Tanimu ya sa hannu.

"Ranka ya daɗe, ban gani ba."

"Ka tuna da 'ya'yanka shida."

Ya tuna da su, ƙwarai kuwa. Ya sake cewa, "Ranka ya daɗe, ban gani ba." Ya karɓi littafin Lantana, ya rubuta abin da idonsa ya gani, tsabta da ƙwazo, ya sa hannu.

Aka sallami Lantana, amma da littafin nan makaranta ta tura ta wani wuri ta ƙarasa. Tanimu kuwa aka sauke shi, aka mayar da shi tsakar gida fere doya, har ya yi ritaya. Ba wanda ya ba shi haƙuri.

Kada ku zura mini ido kuna jiran in ce ya yi arziki. Bai yi ba. Ladansa na wajen Allah.

Ni dai na gaji da faɗa. Kai mai shago, ke mai ofis, ɗan mutane na gabanku yana koyon aiki, kun ware shi don fatarsa, ko ƙabilarsa, ko gurguntarsa, kuna taƙama doka ba ta san da shi ba. Masu yin doka su gyara, su sa waɗannan yara a ciki. Amma kafin su gyara, ku sani zalunci zalunci ne, da albashi ko babu. Wanda kuma aka miƙa wa takardar ƙarya gobe a wajen aiki, ya ajiye biro. Allah ya sa mu ji, mu gyara.