Manomin da Ya Kashe Karensa da Kunun Zaƙi

Akwai wani manomi mai kare guda, sunan karen Barde. Irin karen nan ne da ko yana can ƙarshen gona, in maigidan ya yi fito sau ɗaya, kafin ya rufe baki ya iso. Mutumin kuwa yana ƙaunarsa ƙwarai.

Matar manomin tana dama kunun zaƙi na sayarwa. Kowace yamma, abin da ya kwanta a gindin tukunya, mai kauri da sukari, maigidan yakan juye wa Barde a kasko, ya zauna yana kallonsa yana lashewa. Wurin kwanan karen kuma gindin randa ne, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa.

Ana nan sai Barde ya fara susa. Ya ciji ƙafa, ya lashi tsakanin yatsu, ya yi ta kaɗa kai. Fatar cikinsa ta yi baƙi tana maiƙo, kunnuwansa suna wari kamar ƙullun da ya kwana uku. Da abin ya ishi matar, sai ta kira Malam Yunana, malamin dabbobi, wanda suke majami'a ɗaya da shi.

Malam Yunana ya leƙa kunnen, ya ce wani irin yisti ne, wato ƙwayar cuta dangin abin da ke kumbura burodi. Kowane kare yana da shi kaɗan a fatarsa, ba ya cutarwa, sai ya sami danshi da jikin da aka lalata da mugun abinci yake yaɗuwa. Ya ce a riƙa wanke shi da ruwan ganyen darbejiya, a goge shi ya bushe sarai, a mai da shi busasshen wuri, in kunnen bai yi sauƙi ba a kawo shi a sa masa magani. Sa'an nan ya nuna kaskon da ƙafa.

“Baba, wannan kunun ne za ka daina ba shi. In ba ka daina ba, wankan banza kake yi.”

To, wanka dai manomin ya yi shi, har da ƙari. Ran Asabar yakan dafa darbejiya, ya cuɗa kare, ya shafa masa man da aka yi addu'a a kai, ya ɗaga hannu ya roƙi Ubangiji warkarwa. Amma da yamma Barde yakan zo ya tsuguna gaban kasko yana kallonsa da idon nan, sai zuciyar mutumin ta karye. Yakan ce a ransa, ɗan wannan me zai yi? Da ya ɗaure shi a rumfa karen ya yi kuka, sai ya kwance shi, karen ya koma gindin randa. Matarsa ta yi magana, ya ce mata ita ba ta san tausayi ba, kuma bangaskiyarta ƙarama ce. Ku ji fa! Shi ne mai zuba cutar da hannunsa, shi ne kuma mai wa'azin bangaskiya.

Kunnuwan suka kumbura, suka toshe. Bai kai shi wurin Malam Yunana ba, don yana kunyar a tambaye shi zancen kunu.

Wata safiya suna dawowa daga gona, Barde ya tsaya a tsakiyar titi yana susa. Ga babbar mota ta taho da lodin rake. Manomin ya yi fito, ya sake yi, ya yar da fartanya ya ƙwala kira har muryarsa ta dushe. Karen da dā yake jin fito daga ƙarshen gona bai ko ɗaga kai ba.

Motar ta take shi. Manomin ya sungumi gawar ya kawo gida yana kuka, yana cewa, “Ya Ubangiji, ban roƙe ka ba?”

Matarsa ta ɗauko kaskon, da sauran kunun jiya a ciki, ta ajiye a gabansa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, kuma ba zan sa mata sukari ba. Barde zuciyarka ce. Yistin shi ne zunubin da kake ce wa ƙarami: ɗan gulma, ɗan ƙyashi, fushin da kake riƙe da ɗan'uwanka. Kaskon kunu shi ne abin da kake ciyar da shi kullum don yana maka daɗi, gindin randa kuwa wurin zaman da ka san yana ɓata ka amma ka ƙi tashi. Muna zuwa ran Lahadi fes da mu, mu yi waƙa, mu nemi a yi mana addu'a, Litinin mu koma mu cika kasko. Wannan abu yana ɓata mini rai, domin na binne mutane irin haka. Addu'a ba ta ƙi ba, Allah ya riga ya aiko amsa ta bakin Malam Yunana, mutumin ne ya zaɓi rabin da ba ya masa zafi.

Zunubi yakan fara da ƙaiƙayi, ya ƙare da toshe kunne. Ubangiji zai kira ka ranar da motar ta taho, da dukan muryarsa zai kira. Je ka fasa kaskon yau, tun kunnenka yana ji.